Harafi Ɗaya Ya Kashe Mai Gyaran Takalmi: Finafinan Da Ke Yi Wa Mulkin Takarda Dariya

Idan kun taɓa shiga layi tun bayan sallar asuba, rana ta take, kuka kai bakin taga aka ce muku "babu netwok, ku dawo Litinin", to akwai fim ɗin da nake so in ba ku labarinsa. Sunansa Brazil. Kada sunan ya ruɗe ku, babu ƙwallo a ciki, labarin kuma ba a ƙasar Brazil ya faru ba. Daga wata tsohuwar waƙa da ake ta maimaita kiɗanta a cikin fim ɗin aka samo sunan. Terry Gilliam ne ya ba da umarni, ya fito a 1985, kafin a haife ni.

Ƙanena ne ya tura min shi a waya cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke hana mutum barci ko da ya yayyafa wa katifa ruwa. Na sauko daga mako guda na aikin dare, idona ya ƙi rufuwa, na ce bari in kunna ko ya sa ni gyangyaɗi. Bai sa ba.

Ga yadda ya fara. A wata ƙasa da ba a faɗi sunanta ba, akwai wata ƙatuwar ma'aikata da ke tattara bayanan kowa da kowa. Wani ma'aikaci na zaune a ofis, ƙuda ya dame shi. Ya tashi ya make shi, mushen ƙudan ya faɗa cikin injin da ke buga sunayen waɗanda za a kama. Injin ya yi tuntuɓe sau ɗaya tak. Inda ya kamata ya buga Tuttle, sai ya buga Buttle. Tuttle wani mai gyaran bututun ɗumama ɗaki ne da hukuma ke nema. Buttle kuwa mai gyaran takalmi ne, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa. Jami'ai suka fasa rufin ɗakinsa suka diro, suka cusa shi cikin buhu. Sai wani mai kwat da jakar takardu ya shigo cikin ladabi, ya miƙa wa matar biro ta sa hannu, ya ba ta rasit na mijinta, shi ma ya riƙe nasa rasit ɗin na shaidar ya ba ta rasit.

A nan na yi dariya. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta maƙale min a wuya.

Buttle ya mutu a wurin tuhuma, domin yana da ciwon zuciya. Mai tuhumar, wani mutum mai fara'a da 'yarsa ƙarama ke wasa a ofishinsa, bai ga laifin kansa ba ko kaɗan: fayil ɗin da aka ba shi na Tuttle ne, kuma ba a rubuta ciwon zuciya a ciki ba. A ƙasar nan wanda aka kama shi ke biyan kuɗin tuhumarsa, don haka abin da ya tayar wa ma'aikatar da hankali ba ran da ya salwanta ba ne. An cire kuɗi daga asusun da bai kamata ba, an fitar da cek na mayarwa, kuma babu ofishin da ke so cek ɗin ya kwana a teburinsa. Jarumin fim ɗin, Sam Lowry, ƙaramin akawu mai yawan mafarki, shi ya ɗauki cek ɗin ya kai wa matar. Ita ko kallon cek ɗin ba ta yi ba. Gawar mijinta take tambaya.

Abin da ya hana ni barci a ranar ba Buttle ba ne. Gwaggona ce.

Mijinta, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne, ya rasu ya bar ta da yara da haƙƙoƙin aiki da ba a biya ba. Lokacin da aka yi kiran tantancewa tana cikin takaba, ba ta fita. Da ta gama wata huɗu da kwana goma, aka ce an rufe, a jira zagaye na gaba. Da zagayen ya zo, na raka ta da jakar leda cike da takardu. Yaron da ke bayan tebur ya jera su, ya duba, ya girgiza kai. A takardar ɗaukar aiki an rubuta Mohammed. A banki Muhammad. A katin shaida Muhammed. Ya ce mutum uku ne.

Gwaggo ta ce, "Ɗana, mutum guda na. Shekara talatin da biyu muna ɗaki guda, da ukku na da na sani."

Ya ce, "Wallahi Inna ni na yarda. Kwamfuta ce ba ta yarda ba."

Ta ce, "To kira mani ita in yi mata bayani."

Duk layin aka kwashe da dariya, har shi yaron. Sannan ya rubuta mana jerin abin da za mu kawo: takardar rantsuwa daga kotu, sanarwa a jarida, takardar gado, hotuna, da wasiƙa daga wani ofis da shi ma sai ya ga takardar da wannan ofis ɗin zai bayar kafin ya rubuta tasa.

Ku duba takardun gidanku yau, ina tabbatar muku za ku samu irin wannan ƙudan kwance a wani wuri. Sunayenmu daga Larabci suka zo, kakanninmu da ajami suka rubuta su, da boko ya zo kuma kowane hedimasta ya rubuta yadda kunnensa ya ji. A'isha ta zama Aishatu a firamare, Aishat a sakandare. Abubakar ya zama Bubakar, ya zama Garba a gida. Ga al'adarmu ta ɗaukar sunan gari: Shagari, Tambuwal, Wamakko, duk garuruwa ne kafin su zama sunayen manyan mutane. Wani ya sa sunan garinsu a takardar makaranta, ya sa na mahaifinsa a banki, shi ke nan ya rabu biyu. Ranar haihuwa kuwa, idan kuka duba katunan tsofaffin da muke jinya sai ku rantse rabin ƙasar nan ranar 1 ga Janairu aka haife su, domin tsoho ya ce shekarar fara ce ko shekarar da aka yi juyin mulki, mai cike fom kuma ba shi da gurbin rubuta fara.

Bayan Brazil na shiga neman 'yan uwansa, na tarar dangi ne guda. Finafinai ne da ke ƙaga ƙasa, ko su ɗauki ƙasa ta gaske su ɗan karkata ta, inda takarda ta fi mutum daraja kuma hukuma ta kafa wa kowa ido. Wasu sukan ba da wannan labari da tsoro zalla, kamar littafin 1984 na George Orwell da ya fito a 1949. Waɗannan kuwa da barkwanci suke bayarwa, irin murmushin da ya fi kuka ciwo. Kuma na fi yarda da masu barkwancin. A labarin tsoro akwai mugu ɗaya babba wanda ya san abin da yake yi. A namu ofisoshin ban taɓa haɗuwa da wannan mugun ba. Mutane nake gani masu gaisuwa, masu amsa sallama, kowa na kare kujerarsa, kowa na cewa ba daga teburina ba ne.

Wanda ya fi kama da gida shi ne Mandabi, na Ousmane Sembène ɗan Senegal, wanda ya fito a 1968 da harshen Wolof, a lokacin da finafinan yankin da Faransanci ake yin su. Ibrahima Dieng magidanci ne a Dakar, mata biyu, 'ya'ya bakwai, babu aiki, sai babbar riga da girman kai. Ɗan 'yar uwarsa da ke sharar titi a Paris ya aiko da takardar kuɗi ta gidan waya, sefa 25,000. Kason Ibrahima a ciki 2,000 ne kacal, 3,000 na uwar yaron, saura a ajiye masa. Amma kafin azahar unguwa ta ji. Matan suka ciwo bashin shinkafa, maƙwabta suka fara sallama. A gidan waya aka ce ya kawo katin shaida. Wurin yin katin aka ce ya kawo takardar haihuwa da hoto. Wurin takardar haihuwa aka tambaye shi rana da wata, shi kuwa shekarar ma kintace yake yi. Mai hoto ya cuce shi. Kowace ƙofa sai ya ci sabon bashi kafin ya isa ta gaba. A ƙarshe wani ɗan boko mai kwat ya ce ya sa masa hannu zai karɓo masa, ya karɓo, ya dawo ya ce an yanke masa aljihu.

Shekara fiye da hamsin ke nan da yin fim ɗin nan. Ku cire gidan waya ku sa banki, ku cire Wolof ku sa Sakkwatanci, kuna iya ɗaukarsa gobe tsakanin Tsohuwar Kasuwa da Runjin Sambo ba tare da an sauya komai ba. Har da mai kwat ɗin. Shi ne mutumin nan da ke tsaye ƙarƙashin dogonyaro a ƙofar kowane ofis yana cewa, "Hajiya kawo in shigar miki ta ciki."

A Kyuba, a 1966, Tomás Gutiérrez Alea ya yi nasa mai suna Mutuwar Ma'aikacin Ofis. An binne wani leburan kirki da katin aikinsa don girmamawa, sai aka ce matarsa ba ta da fansho sai da katin. Ɗan uwansa ya tono gawar a ɓoye, ya zo mayar da ita aka ce ba za a binne wanda takarda ta nuna yana cikin kabari ba. Haka aka koma gida da mamaci ana sayen ƙanƙara. A Masar kuma, a 1992, Adel Imam ya fito a Al-Irhab wal Kabab, uba ne da ke son a sauya wa 'ya'yansa makaranta, ya yi ta zarya a ginin Mugamma da ke dandalin Tahrir, ma'aikacin da zai sa hannu kullum ba ya nan. Rigima ta kaure, bindigar mai gadi ta faɗo hannunsa bisa kuskure, aka ce ɗan ta'adda ya yi garkuwa da mutane. Da minista ya tambayi buƙatarsu, shi da waɗanda ya "kama" suka rasa abin cewa, suka ce a kawo musu gasasshen nama.

Masu son fim ɗin Indiya, ga naku: Kaagaz, na 2021, wanda Pankaj Tripathi ya fito a ciki. Ma'anar sunan ma takarda. Wannan ba ƙage ba ne, a kan rayuwar wani mutum mai suna Lal Bihari aka gina shi, ɗan jihar Uttar Pradesh. A tsakiyar shekarun 1970 ya je neman rance a banki aka shaida masa ya mutu. Wani ɗan uwansa ne ya ba da cin hanci aka rubuta haka don ya gaje gona. Ya tsaya da ƙafarsa gaban ma'aikata yana cewa ga ni, suna nuna masa rajista. Ya nema wa matarsa kuɗin tallafin matan da mazansu suka mutu. Ya tsaya takarar zaɓe, har da Rajiv Gandhi ya kara a 1989, don dai a rubuta sunansa a wata takarda ta hukuma a matsayin rayayye. Ya kafa ƙungiyar matattu, ya kuma samu 'yan ƙungiya da yawa. Sai a 1994 aka dawo da shi duniya.

Yanzu maganar sa-ido. A Brazil, ma'aikatar bayanai tana da kyamara a ko'ina, allunan gargaɗi a kowane bango, fayil a kan kowa. Amma duk da haka ba ta iya bambanta mai gyaran takalmi da mai gyaran bututu ba, bama-bamai kuma na ta tashi a gari shekara da shekaru ba a kama mai dasa su ba. Akwai inda bam ya tashi a gidan cin abinci, ma'aikata suka jawo labule suka tare wa manyan baƙi gawarwakin, makaɗa suka ci gaba da kiɗa. Wanda aka fi sa wa ido a fim ɗin ita ce maƙwabciyar Buttle, direbar babbar mota, wadda laifinta kawai ta je ofis ta ce an kama mutum bisa kuskure. Aka yi ta tura ta daga taga zuwa taga neman hatimi, daga baya aka sa sunanta cikin waɗanda ake zargi.

Ku lissafa sau nawa kuka dangwala yatsa a shekara goma sha biyun nan. Lambar BVN da Babban Banki ya ƙaddamar a Fabrairun 2014. Lambar NIN. Katin zaɓe. Rajistar layin waya. Fasfo ga mai zuwa Hajji ko Umara. A Disambar 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, muka cika ofisoshi ana tsakiyar annobar korona. A Afrilun 2022 aka toshe kiran fita ga layuka sama da miliyan 70 da ba a haɗa ba. Daga 2021 ɗalibi ba ya rajistar JAMB sai da NIN, har hukumar ta taɓa gargaɗin 'yan mata su guji lalle a yatsu don na'ura ba ta karanta zanen. Hujjar da aka fi ba mu ita ce tsaro. Mu nan mun san abin da tsaro ke nufi. A Satumbar 2021 aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga, mutanen gabas suna zuwa har cikin gari don kawai su kira ɗan uwa. Amma ku tambayi duk wanda aka taɓa ɗaukar masa mutum a Sabon Birni ko Isa ko Goronyo, ta ina aka yi cinikin kuɗin fansa? Ta waya. Kira bayan kira, kwana da kwanaki.

A Abuja an ba da kwangilar kafa kyamarorin tsaro ta dala miliyan 470 a 2010, da bashin China, kuma sanin kowa ne yawancinsu ba su yi aikin da aka sa su don shi ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, ta ce har na wani minista ta saya don shaida. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Naira 100, kuɗin da ko ƙullin daddawa da kyar zai saya. Ita Gwaggo sai da ta yi wata tara kafin ta tabbatar wa kwamfuta mijinta mutum ɗaya ne.

Sa-idon da ke aiki da gaske kuwa yana cikin aljihunku. Manhajojin ba da rance da ke tambayar izinin ganin lambobin wayarku, idan an yi jinkirin biya su aika wa surukai da limamin unguwa saƙon cewa wane ɓarawo ne, ba sa yin kuskuren harafi ko ɗaya. An kafa dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, da hukumar da ake kai wa ƙorafi. Amma kafin ƙorafi ya isa Abuja mutunci ya riga ya zube a Mabera. Don Allah ku duba wayoyin matasan gidanku, da na mazan ma, kafin a danna "na yarda".

Har zuwa nan ina ba ku labari ne kamar ni ma a layi nake. Wanzami ba ya son jarfa. Gaskiyar ita ce kwana biyar ko shida a mako ni ce a bayan tagar.

Fim ɗin da ya tona min wannan asiri daga Romaniya ya fito, a 2005, na Cristi Puiu, sunansa Mutuwar Malam Lazarescu. Ba ƙasar ƙage ba ce, birnin Bucharest ne, dare ɗaya. Wani tsoho mai zaman kaɗaici da kyanwoyinsa uku ya kira motar asibiti saboda ciwon kai da amai. Ma'aikaciyar jinyar motar, Mioara, ta ɗauke shi. Asibiti huɗu suka zaga. An yi babban haɗarin bas a daren, ko'ina a cike. Kowane likita sai ya fara yi masa faɗan shan giya kafin ya taɓa shi. Aka gano jini ya taru masa a kai, yana buƙatar tiyata. A asibiti na uku likitoci suka ci mutuncin Mioara don ta kuskura ta faɗi ra'ayinta, sannan suka ce ba za su yi aiki ba sai ya sa hannu a takardar amincewa, alhali ciwon da za a yi wa aikin ne ya riga ya gusar masa da hankali. Fim ɗin ya kai awa biyu da rabi, kuma an tallata shi a matsayin barkwanci. Wanda bai taɓa aikin asibiti ba zai ce ina abin dariyar. Mu mun sani. Irin dariyar da muke yi ne ƙarfe uku na dare a teburin nas-nas, wadda idan dangin majinyaci suka ji za su ce ba mu da imani.

Na so a ce ni ce Mioara. Amma akwai wani dare, a wani asibiti da na taɓa aiki, da aka shigo da wani dattijo daga ƙauye, ɗansa na riƙe da shi, yana tafiya a duƙe. Kwana biyu bai yi fitsari ba. Abin da ya fara fita daga bakina, kafin in dubi fuskarsa, kafin in ce sannu Baba, shi ne, "Ina katinsa?" Babu. Na ce a je a yanka. Ɗakin kati a kulle, mai makullin ya zaga. Yaron ya yi ta kai-komo kusan awa guda, dattijon na zaune a benci yana salati, gumi na tsatstsafo masa, ni kuma ina cike wani littafi da ba wanda zai karanta. Da katin ya zo, likita ya duba, muka sa masa robar fitsari, cikin minti biyar ya sauke ajiyar zuciya. Minti biyar. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Ban karya doka ko ɗaya ba a daren nan. Mai tuhumar Buttle ma bai karya ba.

Kuma in an bi ta doka, ba ta ma gefena. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga a yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, kuma ba tare da sai an ajiye kuɗi ba. Ku riƙe waɗannan biyun, ku faɗe su cikin ladabi idan ta kama. Da yawa daga cikinmu tsoron tambayar safe ne ke sa mu fakewa da kati, idan muka ji ɗan uwan majinyaci ya san doka sai tsoron ya koma ɗaya ɓangaren.

Sai dai ba zan yarda a ce duk takarda abokiyar gaba ce ba, a nan na ɗan saɓa da finafinan. Na taɓa jinyar mata biyu a gadaje maƙwabta, suna ɗaya, sunan uba ɗaya, duka masu jego, duka ana jiran a ƙara musu jini. Ɗaya rukunin O, ɗaya B. Da mai O ta samu jinin mai B, da wataƙila ba ta kai safe ba. Abin da ya raba su lambar folda ce da muka karanta mu biyu da ƙarfi, muka sake karantawa, miji na tsaye yana tsaki wai muna ɓata lokaci. Idan kuka ga nas ta ƙi sa jini sai ta sake duba lamba, ku bar ta. Wannan takardar majinyaci take karewa. Wadda na tambayi dattijon nan kuwa ni take karewa. Duk ma'aikaci ya san bambancin a zuciyarsa, ko da bai faɗa ba.

Wani abin dariya, shi kansa Brazil sai da ya sha hannun ofis. Kamfanin Universal da zai rarraba shi a Amurka ya ce ƙarshensa ya yi baƙi da yawa. Shugaban kamfanin, Sid Sheinberg, ya sa aka datse fim ɗin daga minti 142 zuwa 94, aka ƙare shi da soyayya ta yi nasara. Gilliam ya sayi shafi guda a jaridar Variety yana tambayarsa a bainar jama'a yaushe zai saki fim ɗinsa, ya kuma riƙa nuna shi a ɓoye. Masu sharhin finafinai na Los Angeles suka zaɓe shi gwarzon fim na 1985 tun bai shiga sinima a can ba, dole kamfanin ya sauko. Idan za ku nema, ku nemi dogon. Ba zan faɗa muku ƙarshensa ba, sai dai akwai wani wuri kusa da ƙarshe inda iska ta kwaso takardu suka manne wa Tuttle, wanda Robert De Niro ya fito a matsayinsa, suka lulluɓe shi, da aka yaye su babu kowa a ciki.

Iyaye, Brazil ba na yara ba ne, akwai azabtarwa da wasu wurare da ba za ku so a kalla a falo ba. Na Lazarescu ma na manya ne, musamman masu farar riga, kuma da ina da iko da na sa an nuna shi a kowace makarantar koyon aikin jinya kafin a ba ɗaliba hula. Mandabi da Kaagaz kuwa kuna iya kallo da manyan yaranku, ku fassara wa tsofaffi. Na gwada da Gwaggo. Ta kalli Ibrahima Dieng yana zarya da babbar rigarsa, ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba, sai cewa take, "Wayyo bawan Allah, kada ka ba shi, kada ka sa mai hannu."

An dai biya ta daga ƙarshe, bayan shekara ɗaya da wata biyu, kuma an cire wani abu da har yau ba a gaya mana na mene ne ba. Muka yi hamdala, ta biya bashin kotu da na jarida da na 'yan kabu-kabu, ta gyara katangar da damina ta kayar.

Watan jiya ta kira ni da sassafe, wai saƙo ya shigo tsohuwar wayar marigayi, in zo in karanta mata. Na biya bayan na tashi aiki. Gayyata ce zuwa sabuwar tantancewa. Ana buƙatar Mohammed, da o, ya bayyana da kansa ranar Talata ƙarfe tara, da katin shaida da hotuna biyu, in ba haka ba a cire sunansa.

Gwaggo ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "Rubuta musu, ki ce yana nan inda munka kai shi. Su tahi da kwamfutar."